Daga Kajang Zuwa Kota Bharu, Inda Ake Sa Wa Nama Sukari

Wankan jego ne ya kai ni Malesiya. Ƙanwata ce ta haihu a can, mijinta yana karatun digiri na uku a wata jami'a da ke wajen Kuala Lumpur, Hajiyarmu kuma ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, sai aka ce ni in je. Sana'ata a Kano kayan gara ne da na ƙwalam da maƙulashe: alkaki, nakiya, dubulan, cincin da dambun nama. Mai irin wannan sana'a duk inda ta sauka, dogayen benaye ba su cika ɗaukar hankalinta ba. Abin da ke hannun yara idan an taso daga makaranta, da abin da mata ke ci suna hira, shi idona yake bi.

Sai da aka yi arba'in na fara fita sosai. Wadda ta buɗe mini gari maƙwabciyarmu ce, malamar firamare 'yar ƙabilar Malay, asalinta jihar Kelantan. Kak, wato Yaya a yarensu, muke ce mata, ita ma haka take ce mini. Turancinmu ni da ita bai taka kara ya karya ba, amma ƙanwata tana tsakani, kuma zancen abinci rabinsa da hannu ake yin sa.

Ita ta fara kai ni kasuwar dare, wadda suke kira pasar malam. Kowace unguwa da ranarta: da la'asar a rufe titi, a kafa rumfuna, kafin tsakar dare an kwashe komai. Abin da ta fara saya mini gwaba ce, irin manyan nan farare masu garas-garas, an yayyanka a leda an barbaɗe ta da wani gari ja-ja. Ni duk tunanina yaji ne. Da na kai baki sai na ji tsami da gishiri da zaƙi sun taso tare, babu wanda ya bar wa wani hanya. Garin asam boi ne, wani ɗan itace da ake jiƙawa da gishiri da sukari a busar a niƙa. Yara na gani suna lasar sa zallarsa a tafin hannu. Daga nan muka tsaya wajen mai rojak. A gabana ya zuba abarba, kokwamba, ɗanyen mangwaro da soyayyar awara a kwano, ya kwarara musu wani baƙin miya mai kauri kamar maɗi, ya juya, ya watsa dakakkiyar gyaɗa a kai. A cikin baƙin miyan nan akwai sukari, akwai barkono, akwai kuma jatan lande da aka tsima. Abarba da ƙarnin ruwa a loma ɗaya! Kak tana ci tana lumshe ido, ni kuwa ina tauna ina neman inda zan ajiye wannan ɗanɗano a kaina.

Abin da na fara fahimta ke nan tun a daren: mu a gida mun raba wa zaƙi ɗakinsa, gishiri da yaji nasu ɗakin. Alawa alawa ce, ƙuli-ƙuli ƙuli-ƙuli ne. Akwai 'yan wuraren da suke haɗuwa, kamar dakuwa mai ɗan yaji-yaji, ko kilishin da wasu ke ɗan sa wa zaƙi a cikin labu, amma ko a nan ɗaya ne ke jan ragama, ɗayan yana biye. Su kuwa Malay abin da suke nema shi ne su ji zaƙi da gishiri da yaji da tsami sun tsaya kafaɗa da kafaɗa. Idan ɗaya ya yi ƙasa, sai su ce abin bai haɗu ba.

A garin Kajang na ga wannan da kyau, domin a nan aka taɓa abin da na sani. Kajang ta yi suna da satay a duk ƙasar, kuma duk Bahaushen da ya hango shi daga nesa zai ce tsire ne: nama a tsinke, garwashi, mai gashi yana fifita. Na matsa kusa na tsaya ina kallo. Yankan ƙanana ne, tsinken siriri, naman ya yi rawaya saboda kurkum. An kwana da shi a jiƙe cikin albasa da kurkum da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da muke sa wa a shayi, da sukari mai yawa. Shi ya sa gefensa yake yin baƙi-baƙi yana ƙyalli, sukarin ne yake ƙonewa. Mai gashin yana shafa masa mai da kan ciyawar da ya daddaka, wuta tana tashi. Aka kawo mana da kokwamba da albasa da curin shinkafa da aka yanka, sai kwanon romon gyaɗa mai ɗumi, jan mai yana yawo a samansa. Romon ma zaƙi ne da shi.

Nama ne da gyaɗa da barkono da albasa, kayan da mai tsiren bakin titinmu yake aiki da su. Mu mun matse man gyaɗar, mun soya tunkuzar ta zama ƙuli-ƙuli, mun daka da citta da kanumfari da masoro, mun barbaɗa a bushe. Su sun bar ta da manta, sun dafa ta da ruwa da sukari da tsamiya, sun mai da ita abin tsomawa. Kuma gyaɗar da barkonon duka baƙi ne a wurinmu da wurinsu. Daga nahiyar Amurka suka fito, jiragen ruwan Turawan Fotugal da na Sifen suka yaɗa su a duniya, Fotugal ɗin da suka ci birnin Melaka na Malesiya da yaƙi a 1511. Kowa ya karɓi baƙon ya saukar da shi a kan abin da yake da shi a gida. Su suna da kwakwa ko'ina, suna tatsar ruwan furenta su dafa ya zama baƙin sukarin da suke kira gula melaka. Mu muna da busasshiyar iska da shanu.

Mijin ƙanwata ya ce sai mun rama. Cikin tsarabar da Hajiya ta haɗo ni da ita akwai ƙuli-ƙuli da yaji da kuka da daddawa, don haka ranar wata Asabar ya hura gawayi ya yi tsire irin na gida, muka kira Kak da maigidanta. Maigidan ya ci tsinke ɗaya, ya yaba, sannan ya shiga waige-waige a kan tabarma. Ƙanwata ta tuntsire da dariya ta ce, "Yaya, romo yake nema." Kak ta ce naman ya yi daɗi amma ya bushe, kuma yajin yana kama maƙogwaro. Mutanen da ke cin barkono safe da yamma! Ashe zafin citta da masoro daban yake da zafin da suka saba, wanda kullum sukari da madarar kwakwa suke rufa masa baya. Ƙarshe ɗansu ya ruga gida ya ɗauko kwalbar jan miyan barkono mai zaƙi, suka dinga tsomawa, suka cinye tas.

A ranar ne kuma aka yi ta daddawa. Na buɗe ƙullin zan sa a miyar kuka, Kak tana tsaye a kicin ɗin. Ta ja da baya, ta kai gefen mayafinta hanci, sannan kunya ta kama ta ta sauke. Na ce mata kada ta damu, domin ni ma abin da ya same ni ke nan ranar da ta gasa belacan a gidanta, warin ya biyo ta taga ya iske ni ina shanya. Belacan ƙananan jatan lande ne da ake cakuɗawa da gishiri, a bar su su tsima, a shanya, a kirɓa, a cura. Na ɗauko daddawa ɗaya, ta kawo nata curin, muka ajiye su gefe da gefe a faranti muna shinshinawa. Wallahi kowaccenmu nata ƙamshi yake yi mata. Amma da miyar ta nuna ta ɗanɗana, sai ta ɗaga kai ta ce ta gane wannan, shi ne abin da belacan yake yi wa miya.

Gaskiyarta. Wani masanin kimiyya ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke ba da wannan garɗi a 1908, daga romon wani ganyen teku, kuma daga bincikensa aka fara yin Ajinomoto, farin magin da ke kowane kanti a Kano. Duk abin da aka bari ya tsima, kalwa ce ko kifi ko waken suya, yana sakin wannan sinadari. Harshen ɗan Adam duk inda yake yana son sa. Hanci ne ke da ƙabilanci, shi kuma tun ana goye yake koyon abin da zai kira ƙamshi.

Malesiya ba ta Malay kaɗai ba ce. Fiye da kashi 20 cikin ɗari na 'yan ƙasar asalinsu Sin ne, kusan kashi 7 kuma Indiya, akasarinsu Tamil. Kakannin Sinawan da yawa haƙar kuza ce ta kawo su, ita kanta Kuala Lumpur daga sansanin masu haƙar kuza ta faro wajen 1857, Indiyawan kuma Turawan Ingila suka kwaso su aikin gonakin roba. Kowa ya zo da bakinsa. A unguwar Brickfields, wajen Indiyawa, na ji kamar na dawo gida. Akwai murukku, wanda ake matsa ƙullun shinkafa da wake a nannaɗe a soya, gishiri da ɗan ƙamshi kawai, ƙurus-ƙurus. Akwai soyayyen wake da gyaɗa masu yaji. Kayan zaƙinsu kuma suna can gefe guda a cikin gilashi, zaƙi har ya yi yawa. Sun raba ɗakunan kamar yadda muka raba. Shagunan Sinawa kuwa cike suke da manyan kwalabe na busassun 'ya'yan itace masu tsami da gishiri, da 'ya'yan kabewa da ake ɓarewa da haƙori, da busasshen sotong, wani naman ruwa mai hannuwa da yawa da ake yagewa siri-siri. A wurinsu babban yabon da za a yi wa kayan zaƙi shi ne a ce bai cika zaƙi ba. Sai dai Musulmi ya kula a nan: akwai wani gasasshen nama mai faɗi, ja, mai ƙyalli, da suke kira bak kwa, wanda ido zai ce kilishi ne, alhali yawancinsa naman alade ne. Ƙanwata tun a mota ta ja mini kunne.

A manyan kantuna abin da sauƙi, domin kayan da ba na halal ba ɓangarensu daban, sauran kuma ana duba tambarin halal na JAKIM, hukumar kula da harkokin Musulunci ta ƙasar, a jikin leda. Na daɗe a layin soyayyen dankali na leda ina karanta hotuna. Kamfanonin da muka sani ne wasunsu, amma ɗanɗanon ba namu ba: na ganyen teku, na jatan lande, na kori, na miyar tom yam ta Tailan mai tsami da yaji. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na gwaiduwar ƙwan agwagwa. Ana jiƙa ƙwan a ruwan gishiri makonni, gwaiduwar ta yi ja ta yi mai, sai a murje ta a cakuɗa da dankali ko da soyayyar fatar kifi. Na saya na ci. Yana da garɗi, amma maiƙonsa yana saurin ginsa ta. Kamfani ba ya koya wa mutane sabon ɗanɗano. Tukunyar gidansu yake leƙawa ya kwaikwaya. Sai na tuna kantunanmu, inda har yau da wuya ka ga dankalin leda mai yajin ƙuli ko mai daddawa, abin ya tsaya mini a rai.

Da hutun makaranta ya zo, Kak ta ce sai mun je garinsu. Muka ɗauki hanya da motoci biyu, muka haura duwatsun da ke gabas da Kuala Lumpur, muka ratsa jihar Pahang. Hagu da dama gonakin kwakwar manja ne iya ganinka. Bishiyar nan asalinta Afirka ta Yamma ce, a 1917 aka fara nomanta don kasuwa a jihar Selangor, yau kuma da tataccen manta ake soya kusan duk abin da na lissafa a sama.

Mun yada zango a Kuala Terengganu, a bakin teku, saboda maigidan Kak ya rantse ba zai wuce unguwar Losong bai ci keropok lekor ba. A bayan shagon na leƙa inda ake yi. Kifin teku ne ake cire wa ƙaya a niƙa, a kwaɓa da gishiri da garin sago, wanda ake samu daga cikin kututturen wata bishiya dangin kwakwa. Ƙullun toka-toka ne, mata suna murza shi a kan tebur dogo-dogo, ana jefawa a tafasasshen ruwa, idan ya taso sama ya nuna. Wasu a haka suke ci. Ni dafaffen ya fi ƙarfina, ƙarninsa a fili yake. Amma da aka yanka aka soya, bayansa ya yi rumus cikinsa yana danƙo, aka ba ni da zafinsa, na ci na ƙara. Miyan tsomawar, kamar yadda na zata, barkono ne da sukari da ɗan tsami.

Wata dattijuwa a wurin ta yi mana bayani, Kak tana mayarwa. Daga wajen Nuwamba zuwa farkon shekara iska da ruwan sama suna hana masunta shiga teku a wannan gaɓa. To kifin da aka kama da yawa a lokacin yalwa dole a san yadda za a yi da shi: a busar, a tsima shi ya zama budu, wato romon tsimammen kifi, ko a yi keropok a yanka fale-fale a shanya, a ajiye sai an bukata a soya. Yaron da ya tashi a nan, ƙarnin kifi shi ne ƙamshin gidan kakarsa.

Kota Bharu kuwa, babban birnin Kelantan, gari ne da ya kwanta mini. Juma'a da Asabar ne hutunsu, kuma babbar kasuwarsu sunan Nana Khadija aka sa mata, Pasar Siti Khadijah, saboda yawancin masu kasuwanci a ciki mata ne. Idan ka hau bene ka leƙo tsakiya, za ka gan su zaune a kan dakali, kowacce kayanta sun kewaye ta. Sauran 'yan Malesiya ma suna tsokanar mutanen Kelantan da son zaƙi, kuma ban ga sun musa ba. Na ci akok, wanda ake yi da ƙwai da madarar kwakwa da baƙin sukari, a gasa a wani abu mai gurabe irin na tandar waina, wuta a ƙasa wuta a sama. Biyu kawai na iya ci.

A saman benen na ga abin da ya sa na manta da kowa. Manyan robobi cike da dambun nama, an tula shi, na sa, na kaza, na kifi. Na ce wa ƙanwata, "Ke, zo ki ga sana'ata." Serunding suke kiran sa. Mai kayan ta ɗebo mini a cokali. A ido dambu ne sak, silin naman ma irin namu. A baki kuwa sai da na rufe ido: zaƙi ne ya fara zuwa, sannan ƙamshin kwakwa, sannan barkono ya biyo a hankali.

Da Kak ta ga yadda na rikice, washegari ta sa aka tsallaka da mu kogi zuwa Kampung Laut, ƙauyen da ya shahara da wannan sana'a. A nan na ga bambancin hannu. Ni idan na dafa nama ya yi laushi, turmi nake zubawa in daka, in soya a mai, in tsane, in bi shi da yaji. Su bayan sun dafa sun yage shi, sai su zuba a wani ƙaton kasko tare da niƙaƙƙen barkono da albasa da citta da madarar kwakwa da ruwan tsamiya da sukari, a yi ta juyawa a kan wuta awa da awanni har ruwan ya ƙone ƙaf, naman ya sha komai ya bushe. Ba a tsoma shi a mai. Man kwakwar da ya fito shi ne mansa. Na karɓi muciyar na juya kaɗan, kafaɗata ta gaya mini aikin ba na wasa ba ne. A ƙasar da iska take jiƙe shekara duka, ba za ka shanya nama a rana ka samu kilishi yadda muke samu da hunturu ba. Doguwar wuta da gishiri da sukari su ke tsare musu shi. Lokacin azumi aka fi yin cinikinsa, domin da shi ake cin shinkafar Sallah.

Matar da ke kula da kaskon ta tambayi yadda muke yin namu. Da aka gaya mata babu sukari ko ƙwaya, sai ta yi shiru, sannan ta tambaya cikin tausayi ko tsada yake yi a ƙasarmu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Ba zan ɓoye ba, yawan sukarin nan ya dame ni, kuma su ma ya dame su. Binciken lafiya na ƙasar na 2019 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin manya biyar yana da ciwon sukari, a shekarar ce kuma gwamnati ta sa haraji a kan lemukan kwalba masu zaƙi. A shagon shayi za ka ji mutane suna cewa "kurang manis", a rage zaƙi. Mahaifiyar Kak da kanta allura take yi kullum, tana kallon akok ana ci ba ta taɓawa. Na zauna kusa da ita ina tuna buhunan sukarin da nake juyewa a alkaki da nakiya duk bikin da aka ba ni aiki. Tun da na dawo na rage, kuma cikin masu saye babu wadda ta dawo mini da kaya.

Abin da na yaba musu ba kaɗan ba shi ne yadda suka ɗauki kayan ƙauyensu da daraja. Serunding ɗin da aka juya a bayan gida, shi ne za ka gani a roba mai murfi, da suna da lambar waya da ranar lalacewa, ana aika shi ko'ina a ƙasar. Ba su rage masa zaƙi don baƙo ba, ba su ɓoye ƙarnin keropok ba. Dambunmu da kilishinmu da kantun riɗinmu ba su gaza waɗannan da komai ba.

Na dawo Kano da jaka guda ta kayan ƙwalam, na baje a tsakar gida. Hajiya ta ɗanɗana serunding na kifi, ta ce, "Wannan ai alawa ce aka yi da kifi," ta tura gefe, ta jawo murukku ta riƙe ledar har ta ƙare. Maigidana ya shinshina dankalin ƙwan agwagwa ya mayar. Yaran kuwa, musamman 'yar autata mai shekara biyar, ba su tsaya tambayar mene ne ba. Garin asam boi suka fi so, suka dinga barbaɗa shi a kan mangwaro da yalo har ya ƙare, yanzu kuma sun sa ni gaba sai na haɗa musu irinsa da tsamiya da gishiri da sukari. Na gwada, saura in gano abin da zai ba shi jan launin.